Injin Matse Siket

A layinsu babu wanda ya raɗa masa suna Injiniya. Shi ya ba kansa, ya rubuta da jan fenti a ƙofar shagonsa na gyaran fanka, mutane kuma suka bi shi a haka don ya fi sauƙi a kan tsayawa gardama da shi. Fanka kam yana gyarawa, wannan ba a raina masa ba. Inda gizo ke saƙar shi ne, duk abin da ba fanka ba, shi a ganinsa fanka ce da ba a riga an kwance ba. Ya taɓa haɗa injin wanki da durom, injin ya cinye zanin gado biyu da labule. Ya taɓa yi wa ƙofar gida makullin lantarki, iyalinsa suka wuni a waje suna gaisawa da masu wucewa.

'Ya'yansa uku. Manyan biyun sun sallama shi tun zamanin injin wanki, in ya ce zai gyara abu sai su ɗauke abin su kai ɗaki su murza makulli. Saura Auta, 'yar shekara goma sha shida, wadda har yanzu in yana bayani takan tsaya ta saurara har ƙarshe, sannan ta ce, "To, Baba." Wannan kalma biyu ita ce abin da Injiniya ya fi so a duniya, ko da yake bai taɓa faɗa wa kowa ba.

Auta tana wasan katakon nan mai ƙananan tayoyi huɗu, wanda ake hawa a tsaye ana gudu a kan siminti ana tsalle da shi. Masu yin sa siket suke ce masa. Shekara biyu tana koyo a filin bayan makaranta, gwiwoyinta duk tabo, kuma ranar Asabar za a yi gasa, karo na farko da aka sa sunanta a ciki. Ranar Lahadi ta yi tsalle ta dira a tsakiyarsa, katakon ya rabe biyu.

Ta shigo falo da ɓari ɗaya a kowane hannu. Mahaifiyarta, wadda ɗinki ne sana'arta, tana kan keke tana haɗa hannun riga. Injiniya yana shan shayi.

"Koci, mai koya mana wasan, ta ce za ta ara min katakonta na ajiya," in ji Auta. "Amma in ba ta amsa kafin Laraba ta wuce, don akwai wata mai so. Sabo kuwa sai an yi oda, ba zai iso ba sai bayan sati biyu."

Injiniya ya ajiye kofi. Ya karɓi ɓari ɗaya, ya kai wurin karayar kusa da idonsa, ya sa farce yana ƙirgawa.

"Bakwai," ya ce. "Falle bakwai ne na katako siriri, aka shafa musu gam aka matse su a cikin mazubi har suka lanƙwashe. Shi ke nan fa sirrin da suke ɓoyewa. Matsi ne kawai. Ni da nake naɗa waya zagaye dubu a cikin injin fanka ba tare da na ɓata ƙirga ba, falle bakwai ne zai gagare ni?"

"Auta, je ki karɓi na Koci," in ji matarsa, ba ta ɗago kai daga keke ba.

"Ba da ke nake ba, Maman Auta."

"Ni ma ba da kai nake ba."

"'Yar Injiniya a kan katakon aro, a gaban jama'a? A tambaye ta wa ya yi miki, ta ce na Koci ne? Ki ce wa Koci mun gode. Ranar Juma'a da yamma za ki taka naki, sabo fil, ƙirar gidanku. Injin matsi zan haɗa, mai aiki da ƙarfin mai, irin na manyan kamfanoni."

Auta ta dubi mahaifiyarta, ta dubi ɓarin katakon da ke hannunta. Ta ce, "To, Baba." Sannan ta ɗauko sifana ta kwance tayoyinta daga jikin karyayyen katakon ta kai ɗaki. Injiniya ya ga haka ya ji daɗi, ya ce yarinya har ta fara shirin tarbar sabo.

Da gari ya waye ranar Litinin, katako ɗayan da ya yi alkawari ya riga ya zama masana'anta a kansa. Kafin ya yanka ko falle ɗaya, ya samo kwali babba ya rubuta ANA BUGA SIKET A NAN, KOWANE GIRMA, ya rataya a ƙofar gareji. Bai gama wanke fentin hannunsa ba sai ga wata mata da yadi a leda.

"Nan ne ake siket?"

"Nan ne, Hajiya. Kin zo da wuri, ke ce ta farko."

"Mai ɗan tsaga a baya nake so."

"Namu ba ya tsagewa. Falle bakwai ne."

"Falle bakwai? A wannan zafin?"

"Shi ne ƙarfinsa. Ko kin faɗi da shi a kan siminti ba abin da zai same shi."

"Me zai sa in faɗi?"

"Kowa yana faɗuwa da farko. Tayoyin ne sai an saba da su."

Matar ta tsaya tana kallon sa, ta ɗan ja da baya. Maman Auta ce ta leƙo ta taga ta ce, "Shigo ta nan, 'yar'uwa, ki rabu da shi." Kafin azahar mata shida sun bi ta ƙofar gareji sun ƙare a falo ana gwada su da tef. Da Injiniya ya ce zai sauke kwalin ya gyara rubutun, matarsa ta ce kada ya kuskura, wannan ne karo na farko da wani abu da ya ƙirƙira ya amfani gidan.

Ranar Talata ya aro jak daga wurin wani direban babbar mota, jak mai ɗaga tan ashirin, ja, mai kauri kamar turmi. Da ƙyar ya turo shi a baro. Ya bi ta gaban shagon Mai walda da gangan don a gani.

Mai walda maƙwabcinsa ne na tsallaken titi, mutum mai ƙarancin magana, wanda shekara goma sha biyar yana kallon ƙirƙire-ƙirƙiren Injiniya daga nesa mai aminci. Ya ɗage gilashin waldarsa ya saurari bayani har ƙarshe.

"Firem fa?" ya ce.

"Wane firem?"

"Na ƙarfe. Mai kusurwa huɗu, mai kauri, wanda jak zai zauna a cikinsa. Sama ƙarfe, ƙasa ƙarfe, a haɗe. Shi jak bai san sama ba, bai san ƙasa ba. Turawa yake ta kai da gindi, wanda ya fi rauni shi zai matsa. In ba ka ɗaure shi a cikin ƙarfe ba, ba katakonka zai danna ba."

"Wannan tsohon ilmi ne."

"Kawo ƙarfe in haɗa maka. Kwana biyu."

"Maƙwabci, kai haɗa ƙarfe ka sani, ni kuma sarrafa ƙarfi. Kowa ya tsaya a layinsa."

Mai walda ya sauke gilashinsa ya ci gaba da aiki.

A gareji Injiniya ya kwaɓa siminti ya zuba a akwatin katako don yin mazubi. Ya ɗauko ɓari biyun karyayyen katakon Auta ya haɗa su ya danna a kan simintin don ya ɗauki lanƙwasar, ya ƙara zuba wani simintin a sama don rabin mazubin na biyu. Bai shimfiɗa leda a tsakani ba, bai shafa mai ba. Da simintin ya kama, sai ya tashi da bulo guda ɗaya mai nauyin mutum biyu, katakon Auta yana binne a cikinsa. Ya kwashe yammacin yana sara da guduma da kurfi. Ya dai raba su a ƙarshe, amma fuskar mazubin ta fito da ramuka, katakon kuma ya fito guntu tara. Da Auta ta dawo ta tsaya a kansu, ya ce mata ramukan da gangan ne, su za su hana ƙafa zamewa.

"Ai a ƙasan katakon za su fito, Baba."

"Shi ya sa na ce miki sabuwar ƙira ce."

Mai gidan da suke haya tsohon hedimasta ne da ya yi ritaya, kowa Hedimasta yake ce masa. Yana da tsohuwar mota da ta shekara huɗu ba ta tashi ba, tana ajiye a ƙofar gida, kullum da hantsi yakan shiga ya zauna a kujerar direba ya karanta jarida, ya ce nan ne kaɗai ba a damun sa. Ranar Laraba Injiniya ya ga motar, ya ga nauyinta, dabara ta zo masa. Ya ja mazubin ya tura ƙarƙashin motar, ya sa guntayen katako biyu na gwaji a ciki, ya ɗora jak a kai, kan jak ɗin ya tokare cikin motar. Ya kwanta a ƙasa ya fara famfo.

Mazubin bai ko motsa ba. Motar ce ta fara tashi, a hankali, ta gefen direba. Injiniya yana ƙasa bai ga komai ba sai famfo yake. Da motar ta karkace sosai, sai aka ji ana murɗa gilashi.

"Malam Injiniya," in ji Hedimasta daga sama, jarida a hannu, "ina za mu?"

"Gwaji ne, ranka ya daɗe."

"Na gane. Ni ake gwadawa ko motar?"

"Katako."

"To ka sauke ni in ba ku wuri."

Aka sauke Hedimasta. Mai walda, wanda ya ga komai daga tsallake, ya tako har bakin titi, abin da ba ya yi.

"Ka gani ko?"

"Na gani," in ji Injiniya yana kakkaɓe riga. "Motar ce ba ta da nauyi. Tan ashirin ba sa'anta ba ne. Abin da ya fi mota nauyi ake bukata." Ya juya ya dubi gidan tun daga tushe har sama, fuskarsa ta yi haske. "Wa ya taɓa ɗaga gida?"

"Gida daban, rufi daban," in ji Mai walda.

"Duk a haɗe suke."

"Da ƙusa."

Garejin dai ɗan ɗaki ne da aka jingina da gefen gidan, bangon bulo, rufin kwano, da wani katako mai kauri da ya ratsa ya riƙe rufin. A kan rufin kuma akwai dandamalin katako inda tankin ruwan gidan gaba ɗaya yake zaune. Injiniya ya ƙwanƙwasa katakon rufin da guduma, ya ji ƙarar ta yi masa, ya ce wannan ko tan arba'in ba zai girgiza shi ba.

Da yamma ya tare Auta a ƙofa. "Yau ce Laraba. Kin gama da Koci?"

"Na je wurinta, Baba."

"Madalla. Ba ta ji haushi ba?"

"A'a. Ta ce tana gaishe ka."

Ya shafa kanta, ya wuce yana fito. A ransa kuwa wani abu ya ɗan zauna masa, domin yanzu ya san babu wani katako a duniya da Auta za ta hau ranar Asabar sai wanda zai fito daga garejinsa. Ya kori tunanin da ƙarin fito.

Ranar Alhamis aka zo maganar falle bakwai. Ya zaga wuraren masu katako, kowa ya ce irin siririn da yake nema ba sa ajiyewa. Ya dawo gida ya tsaya a tsakar falo yana kallon kayan ɗaki da wani irin ido. Da matarsa ta fita kai ɗinki, ya ɗauko sukundireba. Bayan wardrob ya ba da falle uku. Gindin durowar kicin ya ba da biyu. Bayan madubi ɗaya, ƙarƙashin teburin ɗinki ɗaya. Ya mayar da komai wurinsa yadda ba za a gane ba.

Maman Auta ta dawo ta shiga kicin ta ja durowa. Cokula da wuƙaƙe da mabuɗin gwangwani suka zube a ƙafarta. Ta ja ta biyu, ita ma haka. Ta leƙa ta cikin durowar ta ga ƙasa. Ta tafi ɗaki ta buɗe wardrob ta ga bango. Sannan ta taka har gareji ta tsaya a ƙofa.

"Aro na yi," in ji Injiniya tun kafin ta yi magana.

"Na ɗauka gidan nan ba ma aro."

"Wannan na cikin gida ne."

"Yaushe za a dawo da su?"

"Za ki gan su a ƙarƙashin ƙafar 'yarki tana karɓar kofi."

"Kafin nan a ina zan sa cokula?"

"Maman Auta, ana maganar tarihi kina maganar cokali."

Ta dube shi na ɗan lokaci, ta ce Allah ya kai mu goben, ta koma ta kwashe cokulanta a bokiti.

Ranar Juma'a da la'asar Injiniya ya jera kujeru a ƙofar gareji. Ya bi shago-shago ya gayyato mutane, kuma suka zo, don a layin an san in Injiniya ya yi gayyata ba a komawa gida babu labari. Hedimasta ya zauna a gaba da sandarsa. Mata masu jiran siket ɗinsu na yadi suka fito daga falo. Mai walda ya zo ya leƙa ciki sau ɗaya. Ya ga mazubi a ƙasa, jak a kan mazubi, wani gungumen katako a tsaye a kan jak, kan gungumen ya tokare katakon rufi. Ya ɗaga ido ya dubi inda tanki yake. Ya ɗauki kujerarsa ya tsallaka titi ya zauna a ƙofar shagonsa.

"Daga can ba za ka gani ba," in ji Injiniya.

"Zan gani."

Injiniya ya yi jawabi. Ya ce shekaru ana yaudarar mutane da kayan oda, yau za a ga ƙarshen abin. Ya ce gam ɗin da zai shafa minti ashirin yake bayarwa kafin ya kama, don haka kada kowa ya yi masa tambaya. Ya shafa gam a falle bakwai ɗaya bayan ɗaya, ya jera su a mazubi, ya rufe da rabin na sama, ya daidaita jak da gungume. Ya kira Auta ta tsaya kusa don ta ga haihuwar katakonta. Sannan ya tofa yawu a tafin hannu ya kama sandar jak.

Famfo goma na farko ba a ji komai ba. A na goma sha biyar wani abu ya yi ƙara, ƙiii, doguwa.

"Kun ji?" in ji Injiniya. "Katako ne yake miƙa wuya."

Ya ci gaba. Ƙura ta fara zubowa a kan wuyansa, ya ce gumi ne. Wata ƙusa ta faɗo ta yi tsalle a kan siminti, ya ce ba tasa ba ce. Idonsa yana kan mazubi, inda gam ya ɗan tsattsafo daga gefe, kuma wannan ɗan tsattsafin ya ishe shi hujja. Idon sauran jama'a kuwa duk yana sama.

"Malam Injiniya," in ji Hedimasta, "ni na gina garejin nan. Ban tuna na yi masa taga ba."

Tsakanin kan bango da kwano wani dogon haske ya buɗe, har ana hango bishiyar gidan baya. Na kujerun gaba suka fara ja da baya da kujerunsu a hannu.

"Baba," in ji Auta a hankali, "rufin yana tashi."

"Yana gyara zama ne. Saura famfo uku."

"Baba."

"Biyu."

Bai kai ga na ƙarshen ba. A sama aka ji wani gurnani, dandamalin ya karkace, bututun ya ɓalle, tankin ya kwanta a gefensa murfinsa ya fice. Ruwan gida guda na kwana uku ya sauko lokaci ɗaya, rabi ta sabuwar tagar zuwa kan Injiniya, rabi ta bakin kwano zuwa kan manyan baƙi. Auta ta yi tsalle ɗaya ta fice, abin da shekara biyu ta koya ke nan. Tankin da ya zama fanko ya gangaro daga rufi, ya dira a kan motar Hedimasta, ya sauka titi, ya mirgina a natse har ƙofar shagon Mai walda. Mai walda ya sa ƙafa ya tare shi.

A ciki gungumen ya zame, rufin ya dawo ya zauna, amma ba inda ya tashi ba. Rabin mazubin na sama ya tsage. Gam ɗin da bai kama ba ya narke, falle bakwai suka sulale suka biyo ruwa suna fitowa ta ƙofar gareji ɗaya bayan ɗaya, a gaban kowa. Maman Auta ta tattare zaninta ta shiga ruwan ta tsamo guda biyu.

"Waɗannan na durowa ne," ta ce. "Sauran ku miƙo min in sun iso."

Injiniya ya fito jiƙe sharkaf, sandar jak a hannunsa. Jama'a suna jiran abin da zai ce, don ba a taɓa ganin ya rasa ba.

"Ƙarfin dai kun gani," ya ce. "Injin yana aiki."

"Yana aiki," in ji Hedimasta yana matse hularsa. "Gobe kuma zai mayar min da rufi, da tanki, da ruwan da ke ciki. Motar ka bar ta, wannan ne mako na farko cikin shekara huɗu da wani abu ya same ta."

A nan dariyar ta ɓarke. Aka yi ta har da riƙe ciki, wasu suka zauna a jiƙaƙƙun kujeru don ƙafa ta kasa ɗaukar su. Injiniya ya saba da dariyar layin, ba ta taɓa shiga jikinsa ba. Amma da ya waiga ya ga Auta a tsaye a gefe, ita kaɗai ba ta dariya, sai ya ji kunya irin wadda bai taɓa ji ba. Shekara biyu yarinyar nan tana faɗuwa tana tashi saboda gobe, shi kuma ya raba ta da katakon da aka ba ta a hannu don kawai a ce shi ya yi. Ya kasa haɗa ido da ita. Ya shiga gareji ya fara share ruwa da tsintsiya, ya daɗe yana share wurin da ya riga ya bushe.

Ranar Asabar da sassafe ya yi wanka da ruwan da ya roƙo a gidan Mai walda, ya sa rigarsa ta fita. A gaban madubin da ba shi da baya ya gwada maganar da zai yi. Na kasa. Ya faɗe ta sau uku. Sannan ya je ya ƙwanƙwasa ƙofar Auta.

"Tashi ki nuna min gidan Koci. Zan roƙe ta. In ta ba wa waccan yarinyar, zan je gidansu ita ma in roƙi iyayenta. Ko durƙusawa ne zan yi."

Auta ta riga ta shirya, har ta ɗaura takalmi. Ta dube shi, ta durƙusa ta ja wani abu daga ƙarƙashin gado. Katako ne baƙi, lafiyayye, an ɗan goge gefensa da amfani, tayoyinta huɗu a ɗaure a jikinsa.

Injiniya ya daɗe yana kallon sa.

"Tun yaushe?"

"Tun Laraba."

"Kin ce min kin je wurinta."

"Na je, Baba."

"Mamanki ta sani?"

"Ita ta raka ni."

"Mai walda fa?"

"Shi ya ɗaure min tayoyin."

Ya zauna a bakin gadon. Daɗi ne ya fara zuwa masa, mai yawa, don yarinya za ta yi gasarta. Bayan daɗin kuma wani abu ya biyo mai ɗaci, wanda ya fi ruwan tanki nauyi.

"Ashe ke ma ba ki yarda da ni ba."

"Na so ya yi, Baba. Wallahi na so. Da ya yi, naka zan hau. Amma gasar sau ɗaya ce a shekara."

Ta ɗauki hular kwanonta ta rataya jaka, ta miƙa masa katakon.

"Ka riƙe min mu tafi. Ina so ka gani."

Suka fito layi. Rufin gareji yana nan a karkace, tanki yana ƙofar Mai walda. Injiniya ya rungume katakon da hannu biyu, bai tsaya gaisawa da kowa ba. Sun kusa kwanar makaranta sai yatsansa ya taɓa wani noti a ƙarƙashin tayoyin gaba, ya ji yana ɗan motsi. Ya tsaya cak. Hannunsa ya tafi aljihu da kansa, inda ƙaramar sifana take kwana kullum.

"Wannan notin ya yi sako-sako. Minti ɗaya in..."

"Haka ake barin sa, Baba. In aka ɗaure tam, ba ya shan kwana."

Ya dubi notin, ya dubi 'yarsa. Yana da bayani a bakinsa, dogo, mai kyau, a kan noti da girgiza da abin da kamfanoni ba su sani ba. Ya haɗiye shi. Ya zaro hannunsa daga aljihu babu komai a ciki, ya gyara riƙon katakon.

"To, Auta," ya ce. Suka ci gaba da tafiya, tana gaba yana biye.